Tarihin Yadda Aka Koyi Karanta Hasken Gawayi



Tun taronmu na bara Malam Edita yake bina bashin wannan maƙala. Duk inda muka haɗu, ko wurin ɗaurin aure ko wurin ta'aziyya, sai ya ja ni gefe ya ce, "Yaya, ina alkawarinmu?" Hujjarsa ita ce wai har yau 'yan ajinmu ba su san aikin da na ƙare ƙuruciyata a kansa ba, wasu suna cewa likita ne ni, wasu suna cewa mai haɗa magani. To ni dai ban taɓa duba marar lafiya ba. Aikina shi ne in ɗauki ɗan abu in jefa shi cikin wuta mai tsananin zafi, in dubi hasken da ya fitar, sa'an nan in faɗi sinadaran da ke cikinsa da yawan kowanne. Galibin abin da aka riƙa kawo mani kuwa dangin gawayi ne. Maimakon in ba da labarin kaina, wanda bai taka kara ya karya ba, na ga gara in ba da tarihin ita kanta sana'ar, domin tana da labari, har da yaƙi a cikinsa.

Waɗanda muka yi aji uku tare za su tuna ranar da malaminmu na kimiyya, mutumin Indiya, ya sa aka rufe tagogin ɗakin gwaje-gwaje, ya kunna fitilar gas ɗin nan da ake kira Bunsen. Ya tsoma 'yar waya cikin gishiri ya kai bakin wutar, sai ta koma rawaya ɗorawa. Ya goge ya tsoma cikin garin jan ƙarfe, ta koma kore-shuɗi. Sa'an nan ya aiki ɗayanmu kicin ya ɗebo toka daga murhun da ake dafa mana tuwo, ya sa a wutar, ya miƙa mana wani shuɗin gilashi ya ce mu leƙa ta ciki, muka ga wani launi kamar na furen jar kanwa yana lilo a cikin harshen wutar. Ya ce wannan shi ne fotasiyam, abin da ke sa ruwan toka ya yi aikin kanwa a miya. Wani daga bayan aji ya ce sihiri ne, aka yi dariya. Ni kuwa tun daga ranar abin ya tsaya mani a rai, cewa itacen da ya ƙone ƙurmus yana da sauran maganar da zai faɗa.

Bari mu fara da sanin shi kansa kabon. Gawayin maƙera, da kwal ɗin da ake haƙa, da kunkunniyar ɗakin girki, da baƙin tawadar allo, da bakin fensir, da baƙar sandar nan da muke fasa tsohon batir mu zaro, duk asalinsu sinadari ɗaya ne, watau kabon. Har ma daimon, kamar yadda wani Bature mutumin Ingila mai suna Smithson Tennant ya tabbatar a 1797 ta hanyar ƙone shi. Bakin fensir kuwa sunansa girafayit. Shekaru masu yawa Turawa suna zaton darma ce, sai a 1779 Carl Scheele na ƙasar Siwidin ya nuna cewa kabon ne. Amma kabon ba ya zama shi kaɗai. Kullum akwai 'yan rakiya a cikinsa, irin su ƙarfe da farar wuta da sauransu, wani lokaci ɗan ƙanƙane ƙwarai, kuma sau da yawa wannan ɗan ƙanƙanen shi ke yanke hukuncin ko kayan zai yi amfani ko ba zai yi ba. Nemo waɗannan 'yan rakiya shi ne aikinmu.

Kowa ya san bakan gizo. Tun farkon ƙarni na 14 malamin nan Kamaluddin al-Farisi ya bayyana yadda ɗigon ruwa ke karkatar da haske har launuka su rabu, ya gwada abin da tulun gilashi cike da ruwa. A 1666 Isaac Newton ya raba hasken rana da gilashi mai kusurwa uku. Amma wanda ya buɗe ƙofar sana'armu wani maraya ne Bajamushe, Joseph Fraunhofer, yaron mai aikin gilashi, wanda gini ya taɓa rushewa a kansa a birnin Munich a 1801 aka tono shi da rai. A 1814, yana gwada gilasan da ya ƙera, ya lura bakan hasken rana yana da siraran layuka baƙaƙe a tsaitsaye, ya zauna ya ƙirga fiye da 500, ya sa wa manyansu haruffa. Ya rasu a 1826 yana da shekara 39, bai san abin da ke jawo su ba.

Amsar ta fito daga jami'ar Heidelberg a 1859, wurin abokai biyu, Robert Bunsen mai fitilar ɗakin gwaje-gwajenmu, da Gustav Kirchhoff. Amfanin fitilar Bunsen shi ne harshen wutarta kusan ba shi da launin kansa, saboda haka duk launin da ka gani na abin da ka jefa ne. Kirchhoff ya ce a daina dogara da ido, a bi da hasken ta gilashi mai kusurwa uku. Da suka yi haka sai suka ga kowane sinadari yana fitar da layukansa na kansa, a wurare tabbatattu da ba sa gusawa. Yadda a da ake duban tsagar fuska a ce wannan Bagobiri ne, wancan Babarbare, haka layukan nan suke ga sinadari. Suka kuma gane baƙaƙen layukan Fraunhofer tsagar sinadaran da ke sararin rana ce. Kafin wannan da shekara ashirin da 'yan kai, masanin falsafar Faransa Auguste Comte ya rubuta cewa ɗan Adam ba zai taɓa sanin abin da taurari suka ƙunsa ba. A 1860 abokan nan biyu suka ga wasu shuɗɗan layuka da ba na kowa ba a cikin ruwan wata maɓuɓɓuga a Dürkheim, suka tafasa kimanin tan 40 na ruwan kafin su sami ɗan abin da za su riƙe a hannu, suka sa masa suna siziyam. Shekara na zagayowa suka gano rubidiyam. Dalilin layukan kuwa sai a 1913 Niels Bohr ya bayyana shi: a cikin ƙwayar zarra akwai ilektiron da ke zaune hawa-hawa kamar matakan tsani, zafi ya cilla su sama, in sun faɗo su saki haske, kuma tazarar matakan kowane sinadari daban take.

Shi kabon a wuta yana da wata ɗabi'a. Ku dubi gindin harshen kyandir ko na risho, za ku ga shuɗi-shuɗi. Wani malami a Edinburgh, William Swan, ya bincika wannan shuɗin a 1856, ya ga ɗaurin layuka ne a jere kamar haƙoran mashaci, mafi ƙarfinsu kore. Masana suka shekara kusan saba'in suna gardama a kan mene ne ke fitar da su, kafin a tsaya a kan cewa ƙwayoyin kabon ne biyu manne da juna. A 1868 William Huggins ya ga layukan nan a hasken tauraro mai wutsiya. Shi ya sa kan irin wannan tauraro yakan yi kore a hoto.

Sai dai wutar Bunsen ba ta da zafin da zai sa yawancin sinadarai su yi magana. A nan gawayi ya zama kayan aiki. Tun farkon shekarun 1800 Humphry Davy ya nuna a Landan cewa in aka haɗa sandunan gawayi biyu da babban batir, aka haɗa bakinsu sa'an nan aka ɗan raba, wata wuta mai kashe ido takan tsaya a tsakaninsu, irin ta masu walda. Zafin bakin sandar ya haura digiri 3,500. Da irin wannan wuta aka haskaka titunan Turai kafin ƙwan lantarki ya yaɗu, da ita kuma na'urar sinima take jefa hoto a bango. Waɗanda suka taɓa tsallake katangar makaranta zuwa kallon fim ɗin Indiya, ban kama suna ba, hasken sandar kabon suka kalla. Masu bincike sai suka riƙa huda ɗan rami a bakin sandar girafayit, su cusa garin dutse ko toka a ciki, su kunna wutar, su ɗauki hoton bakan a kan farantin gilashi. Da wannan dabara Victor Goldschmidt a Göttingen ya gano a 1930 cewa tokar wasu nau'o'in kwal tana tara jamaniyam, sinadarin da daga baya aka ƙera taransistocin farko da shi. Hanyar tana da aibinta. In kabon ya ƙone a cikin iska yakan haɗu da naitirojin ya fitar da wasu layuka masu kauri da ke rufe wani sashe na bakan, kamar hazo. Babban aibi kuma, in ita kanta sandar ba ta da tsarki, dattinta zai fito a hoton kamar na samfurin ne. Wannan ya sa kamfanoni suka koyi yin 'yan sanduna masu tsarki na musamman, kaɗan-kaɗan, da tsada, don masu wannan aiki kawai. Ku riƙe wannan, za mu dawo gare shi.

A ƙarshen 1938 aka gano a Jamus cewa ƙwayar yuraniyam tana tsagewa in niyutiron ya buge ta, ta saki ƙarfi, ta kuma saki wasu niyutiron da za su iya tsaga na gaba. Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a 1939, kuma masanan ɓangarorin biyu sun san abin da wannan ke nufi. Matsalar ita ce niyutiron ɗin da ke fitowa gudunsu ya yi yawa, dole a rage masu gudu kafin tsagewar ta ɗore. Ana bukatar abin da za su yi ta karo da shi suna rage gudu ba tare da ya haɗiye su ba. Abu biyu ne a gaban kowa: girafayit, wanda ake samu tan-tan a kasuwa, da wani ruwa da ake kira ruwa mai nauyi, wanda masana'anta guda ce tak ke yin sa da ɗan yawa, a Vemork ta ƙasar Norwe.

A Heidelberg, garin su Bunsen, wani ƙwararren masani mai suna Walther Bothe ya auna girafayit mafi kyau da ya samu, ya ba da rahoto a farkon 1941 cewa yana haɗiye niyutiron fiye da kima, ba zai yi ba. Awon nasa bai yi kuskure ba, abin da ya auna ne ba shi da tsarki. Akwai boron a ciki. Shi boron, ƙwayarsa ɗaya tana haɗiye niyutiron fiye da ƙwayar kabon sau wajen 200,000. Kashi 4 ko 5 cikin miliyan ya isa ya ninka haɗiyar girafayit sau biyu. In kun ɗauki buhun gero mai kilo 100, rabin giram ke nan, abin da bai cika tsinin cokalin shayi ba. Masana tarihi suna da saɓani a kan nauyin wannan rahoto. Wani masanin Jamus, Wilhelm Hanle, ya gano cewa boron ne, ya kuma sanar da hukumar soja, wasu kuma suna ganin tsadar tsarkakewar ce ta sa aka watsar da batun, tun da masana'antun girafayit suna fama da sauran bukatun yaƙi. Ko ma wanne ne, Jamus ta rungumi ruwa mai nauyi. 'Yan gwagwarmayar Norwe suka fasa masana'antar Vemork a Fabrairun 1943, suka nutsar da jirgin ruwan da ya ɗauko ragowar a Fabrairun 1944, kuma har aka ƙare yaƙin murhun nukiliyar Jamus bai kama ba.

A Amurka ma girafayit ɗin farko da Enrico Fermi da Leo Szilard suka gwada bai gamsar ba. Bambancin shi ne Szilard bai yarda laifin kabon ne ba, ya tashi ya riƙa bin masu yin girafayit yana tambayarsu abin da ke shiga cikinsa. A kamfanin National Carbon suka haɗu da wani saurayi, Herbert MacPherson, wanda aka ɗauka aiki don binciken fitilun sandar kabon, irin na sinima. Mutumin da ya saba da waɗannan sanduna ya san dattin da ke cikinsu, ya kuma san ana iya fitar da shi, tun da ana yin 'yan sandunan nan masu tsarki. Shi da abokin aikinsa Hamister suka tabbatar cewa boron ne, suka shiga neman hanyar yin tan ɗari-ɗari na abin da a da ake yi 'yan kilo. Aka zaɓi ɗanyen kaya marar boron, aka gyara yadda ake gasa shi, ana yi ana aunawa. Ranar 2 ga Disamba 1942, a ƙarƙashin mazaunin 'yan kallo na filin wasan jami'ar Shikago, aka tayar da murhun nukiliya na farko da ɗan Adam ya gina, tulin tubalan girafayit kimanin 45,000, wajen tan 360, da dunƙulen yuraniyam a cikin ramukansu. Ƙarfin da ya bayar ran nan rabin wat ne, bai isa ya kunna ƙwai ɗaya ba.

Ban kawo wannan don alfahari da sana'ata ba. Manyan murhunan girafayit da aka gina bayansa a Hanford su suka samar da fulutoniyam ɗin bam ɗin da aka jefa wa Nagasaki ranar 9 ga Agusta 1945, dubban mutane suka hallaka, mata da yara. Kaso mai yawa na yuraniyam ɗin shirin ma daga Afirka aka haƙo shi, a Shinkolobwe ta Kwango. Duk lokacin da na karanta tarihin nan nakan rasa ko in ji daɗi da Jamusawa ba su auna boron ɗinsu da kyau ba, ko in yi baƙin ciki da Amurkawa suka auna nasu.

Yanzu sai filasma. Mun koya a makaranta cewa abu yana da hali uku, daskararre da ruwa-ruwa da iska. Akwai na huɗu. In aka ci gaba da zafafa iska, ilektiron sukan ɓalle daga ƙwayoyinsu, iskar ta zama mai ɗaukar lantarki tana haske da kanta. Walƙiya haka take, rana ma haka, har wutar da ke tsakanin sandunan Davy. Irving Langmuir na kamfanin General Electric shi ya raɗa mata suna filasma a 1928. Tambayar da ta dami masu sana'armu bayan yaƙi ita ce, ko za a sami filasma mai tsabta da ba ta bukatar sanda, balle sandar ta zuba dattinta a ciki? A 1961 Thomas Reed a Amurka ya nuna hanya: a hura iskar argon ta cikin bututu, a naɗe bututun da wayar jan ƙarfe mai ɗauke da lantarki irin na tashar rediyo, sai iskar ta kama da kanta ta tsaya kamar harshen fitila, ba ta taɓa komai. Stanley Greenfield, ma'aikacin wani kamfanin sinadarai kusa da Birmingham, ya buga yadda za a yi awo da ita a 1964, Velmer Fassel da Richard Wendt na cibiyar Ames a jihar Iowa suka buga nasu a 1965. Ita kanta cibiyar Ames daga aikin tace yuraniyam na lokacin yaƙi ta samo asali. Na'urorin suka shiga kasuwa a tsakiyar shekarun 1970. Zafin wannan filasma yana kaiwa digiri 6,000 zuwa 10,000, watau ya kai ko ya fi na fuskar rana. Akan narkar da samfur a ruwa, a fesa shi kamar turare cikin tsakiyarta, a cikin minti biyu na'ura ta karanta sinadarai ashirin ko talatin a lokaci guda.

Amma girafayit taurin kai gare shi, ba ya narkewa a ruwan asid na yau da kullum. Dole a ƙone kabon ɗin a tanda sannu a hankali, a narkar da 'yar tokar da ta rage. Boron kuma yana iya bin hayaƙi ya gudu, saboda haka akan cakuɗa garin da farar ƙasa kafin a ƙona don ta riƙe shi. A nan ne na yi abin kunyar da ban taɓa mantawa ba. A shekarun 1980 aka tura ni kwas ƙasar waje, a wani ɗakin gwaje-gwaje da ba sai na faɗi sunansa ba, aka ba ni garin girafayit in auna boron. Na yi komai bisa ƙa'ida, a ganina. Layin boron yana can sashen da ido ba ya gani, wajen nanomita 249.7, dab da layin kabon na 247.9, sai na ga ya miƙe tsaye zanƙalele. Na maimaita sau uku, amsa ɗaya. Na rubuta rahoto cewa kayan ba su cika sharaɗi ba, na kai wa shugabar sashen ina taƙama. Rahoto irin wannan yana iya sa a mayar wa mai kaya da lodinsa gaba ɗaya. Matar nan, dattijuwa ce, ba ta ko dubi lissafina ba, ta ce in nuna mata kofin da na dafa tokar a ciki. Na ɗauko kofin gilashi mai jure zafi, irin wanda muka saba da shi tun aji ɗaya. Ta ce, "Ka san da me ake yin wannan gilashi?" Sai a lokacin na tuna. Fiye da kashi 10 cikin 100 na irin wannan gilashi sinadarin boron ne haɗe da iskar oksijin, shi ke hana shi fashewa a wuta. Boron ɗin kofina na auna. Ta sa na sake aikin da kofin roba na musamman, ta kuma sa na bi da ruwan asid ɗin shi kaɗai, ba samfur, ta duk matakan, abin da ya kamata in yi tun farko na tsallake don gaggawa. Layin ya kwanta. Ita ce ta fara ba ni labarin Bothe a ranar, muna shan shayi, kuma ba ta ƙara tayar da maganar ba har na gama kwas.

Don kauce wa irin wannan wahala aka ƙirƙiro hanyoyin da ba sai an narkar da samfur ba. Wadda ta fi burge ni ita ce ta hasken leza. Theodore Maiman ya ƙera leza ta farko a 1960, kuma a 1962 aka nuna cewa in aka tattara haskenta a ɗigo ɗaya a kan abu, wurin yakan fashe ya zama 'yar filasma kamar ƙwayar gero, ta yi haske na ɗan ƙiftawa, a karanta. In kabon ne za ka ga layinsa, ka ga layukan Swan, ka ga na 'yan rakiya. Ana amfani da ita yau wajen duba kwal yana tafiya a kan bel kafin ya shiga tashar lantarki, don sanin yawan tokarsa. Irin tambayar da ake yi wa kowane kwal ke nan, ko na Inugu da aka gano a 1909, ko na Maiganga a jihar Gombe, ko na Anu Araren a arewacin Agadas. Wani abin mamaki, a Satumban 1985, a jami'ar Rice ta Amurka, Harry Kroto da Richard Smalley da Robert Curl suna harbin girafayit da leza don su kwaikwayi abin da ke faruwa a sararin wasu taurari, sai suka ga kabon yana dunƙulewa sittin-sittin, a siffar ƙwallon ƙafa. Wani sabon ɗan gidan gawayi ke nan da ba wanda ya san da shi, ya kuma jawo masu lambar Nobel a 1996.

Bukatar girafayit mai tsarki ba ta ragu ba. Batirin wayar da ke aljihun kowannenmu, ɓangarensa ɗaya girafayit ne, kuma masu yin sa suna neman tsarkin da ya kai kashi 99.95 cikin 100, domin ɗan ɓurɓushin ƙarfe yana iya lalata batirin ko ya sa shi zafi. Da filasmar argon ake tabbatar da haka. Motar binciken nan Curiosity da ta sauka a duniyar Mars a Agustan 2012 kuwa tana ɗauke da leza a kanta, tana harbin dutse daga nisan da ya kai mita 7, ta karanta hasken ta aiko. A Disamban 2016 aka sanar cewa ta ga boron a jijiyoyin wasu duwatsu, karo na farko da aka gan shi a can. Da na ji labarin a rediyo sai na yi dariya ni kaɗai, na ce to su dai ba kofin gilashi a wurinsu.

Watannin baya na bi ta makarantarmu, na roƙi malamin kimiyya, yaro ne matashi mai himma, ya buɗe mani ɗakin gwaje-gwaje. Dogayen teburan nan suna nan, har da sunayen da wasunku suka sassaƙa da kamfas. Fitilun Bunsen na same su a kwali a ƙarƙashin tebur, na ƙirga goma sha ɗaya, bakwai lafiyarsu ƙalau. Bututun gas ne ya ruɓe. Ya ce mani ɗalibansa suna haddace cewa sodiyam rawaya ne, fotasiyam shunayya, suna rubutawa a jarrabawa suna ci, amma ba wanda ya taɓa gani da idonsa. Na san a taro mai zuwa za a yanke shawara tsakanin sabuwar ƙofar shiga mai ɗauke da sunan ƙungiya da gyaran wannan ɗaki, kuma kuɗin da ke asusu ba zai yi duka biyu ba. Ba na ɓoye inda ƙuri'ata take. Na tambayi mai aikin famfo, tukunyar gas biyu da sabon bututu ba su kai kuɗin fentin ƙofar ba.

Na kuma haɗa 'yar na'urar raba haske da kwalin sabulu da ɓallin tsohon faifan CD, na yanka siririyar kafa da reza, jikokina sun gwada ta a kan fitilar ɗaki sun ga layukan. Zan zo da guda biyar ranar taro in Allah Ya kai mu. Ina roƙon Alhaji Ma'aji ya sa a kawo ƙaramar tukunyar gas daga gida, ni zan zo da gishiri da waya, toka kuma sai mu aika kicin a ɗebo.